Magaryar Gonar Aro

Ranar da Lubabatu ta fara ganin Alkasum, yana tsaye cikin ramin tare ruwa mai siffar rabin wata a fakon gabas da Gaffati, ya jingina da digarsa kamar mai barci a tsaye. Damina biyu ke nan ruwa na ɗaukewa gero na bushewa. Furoje, wato shirin farfaɗo da ƙasa, ta tara mutane suna fasa fako ana biyansu da awon hatsi, da alkawarin in ƙasar ta farfaɗo za a raba ta gonaki.

"Sannu da aiki," ta ce, tana sauke tulun ruwa. "Ko sannu da hutawa zan ce?"

"Ƴar Birni, ba ni ruwan tukuna, sannan ki yi ba'arki."

A Zinder ta tashi wajen goggonta, tsadar hatsi ce ta maido ta gidan ubanta, Malam Nomau. Sunan nan ya bi ta, ita kuwa ta riƙa kiransa Manomina, alhali ko taki ɗaya na ƙasa bai mallaka ba. Gandun gidansu yayye sun rabe shi tun yana ci-rani.

Da magabatansa suka je neman aurenta, Malam Nomau bai yi tsawa ba, don yunwa ta rage wa kowa murya.

"Ban ƙi yaron ba. Amma ƴata ba za ta ci diga ba. Ya samo gona."

Ita kuwa furoje magidanta kaɗai take bai wa fili. Ba mata, ba gona. Ba gona, ba mata. Kullum aka tambayi komiten rabon filin sai su ce za a gyara, har maganar ta gundiri masu faɗinta. Mai Nasara, wani falken hatsi na Zinder, ya samu babban kaso a rabon baya, ya kewaye shi da waya ya bar wa ciyawa. Shi ne yanzu yake aiko wa Malam Nomau da gaisuwar neman Lubabatu, buhun gero na biye.

Lubabatu ta gaji har cikin ƙashinta. Ta tura wa Alkasum saƙo:

"Manomina, yau ma an kawo buhu. Tuwon ya ƙi wuce mini."

Ya amsa: "Ki ci, Ƴar Birni. Geron bai yi laifi ba. Ni dai ki ajiye mini zuciyar."

Ganin ƴarsa na ramewa, Malam Nomau ya ara wa Alkasum wani tsohon fako a gefen gandunsa, ya ga kamun ludayinsa. Alkasum ya fasa shi rami-rami, yana jido taki a ka. Ko inuwar da kaza za ta fake babu a wurin. Abin ya tsaya wa Lubabatu a rai, sai ta karɓo dashen magarya a wajen matan furoje, ta dasa a tsakiyar gonar ba ta gaya wa kowa ba, tana rage ruwan wankanta tana zuba mata.

Ba wanda ya taɓa gaya mata cewa mai aron gona ba ya dasa itace. Duk yaron Gaffati ya san dasa itace cewa ne ƙasar tawa ce.

Da Malam Nomau ya ga dashen, ya dawo gida yana huci.

"Na ara masa, ya kafa mini shaida. Tun ina raye zai gaje ni? Gobe ya tuge ta, ya bar mini gonata."

Alkasum ya gane hannun da ya yi dashen, amma bai buɗe baki ba. Saƙonsa ga Lubabatu gajere ne: "Na ba Baba haƙuri. In na tuge zan bi motar Agadas, in koma ci-rani. Kada ki ce komai."

Ta karanta, ta ji ko kukan ma ba ta da ƙarfinsa. Da safe ta bi ubanta gona. Alkasum na durƙushe gaban magaryar da hauya a hannu.

"Baba, ni na dasa," ta ce. "Inuwa na so masa. Ban san doka ce ba."

Tsohon ya juya ga Alkasum. "Ka sani?"

"Na sani, Baba."

"Kuma ka bari na zage ka gaban mutane?"

"Gara ni da ita."

Malam Nomau ya daɗe yana duban ramukan, kowane da takinsa, da ƴan tsiron gero da suka leƙo bayan yayyafin makon jiya. Rabon da fakon nan ya yi kore tun yana saurayi. Ya zauna a kan kunyar gonar, gwiwoyinsa na ƙara.

"Na gaji da jiran komite," ya ce. "Ajiye hauyar. Mai aro ba ya dasa itace, gaskiya ne. Sai dai ka daina zama mai aro, na bar maka gonar. Ka turo magabatanka."

A ranar ya sa aka maida wa Mai Nasara buhunsa da godiya. A taron gari na gaba, shi da bai cika magana ba ya miƙe ya ce wanda ya fasa fako shi ya kamata ya ci shi, saurayi ne ko mace. Komite suka ce za su kai sama. Wannan karon dattawa suka ce za su raka su.

An ɗaura aure bayan kaka. Geron bai cika rumbu ba, amma ya isa furar biki. Da za a kai amarya, Malam Nomau ya dafa kanta.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba mu damina mai albarka. Ke kuma, kafin ki sake dasa wani abu, ki tambaya."

Washegari ango da amarya suka ɗauki buta suka tafi gona. Magaryar ko gwiwa ba ta kai ba, amma Alkasum ya zauna gindinta, ya ce shi bai taɓa shan inuwa mai sanyinta ba.