Na'ura ta Uku a Shagon Gwadabe

Wa yake wanke sunan wanda aka yi wa ƙazafi bayan ƙasa ta rufe idonsa?

Gwadabe yana da shagon buga takardu a zauren gidansa a unguwar Takur, Dutse: ƙananan kwamfutoci uku, waya ta haɗa su da babbar da ke ajiye ayyukan mutane. Ranar da kundin digirin wani ɗalibi ya ɓace, bai bincika ba. Ya ce Hindatu, mai buga masa aiki, ita ta goge, ya kore ta a gaban kowa. Ta koma garinsu, Miga. Bayan wata uku zazzaɓi ya yi ajalinta.

Wata magariba ya zo kashe babbar na'ura, ta ƙi mutuwa, wai akwai mai riƙe da aiki a buɗe. Ya duba jerin waɗanda ke haɗe. Na'ura ta uku ce, ta Hindatu, wadda tuni take cikin kwali. Ya yanke haɗin, sunan ya dawo. Ya zare waya, sunan ya sake dawowa. Sai dutse ya faɗo bisa kwanon gidan. Shiru. Sannan wani. A tsakar gida 'yarsa Zinariya ta ajiye buta, ta zauna, yatsunta suna buga iska kamar mai buga rubutu a na'ura.

Kwana huɗu tana haka, ba ci, ba magana. Aka ɗauko Malam Idirisu daga Kiyawa. Ya daɗe yana karatu kafin wata murya mai kauri ta fito daga bakinta.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Maƙwabcinsu, na tsamiyar bayan shago. Shekara biyu, Hindatu kaɗai ke sallama idan za ta wuce."

"Ka ji tsoron Allah. Wannan yarinya me ta yi maka? Sake ta."

"Ita waccan me ta yi? Uban yarinyar nan ya buɗe abin da na riƙe, sannan ya je Miga ya faɗa da bakinsa."

Gwadabe ya buɗe aikin da na'ura ta uku ta riƙe. Ga kundin nan cikakke, a ma'ajiyar da shi kaɗai ke shiga. Shi ya mayar da shi can, ya manta. Sunan ya ɓace daga jerin. Zinariya ta yi atishawa, ta nemi ruwa.

A Miga ya tarar da Iya, mahaifiyar Hindatu, tana sheƙar gero. Ya durƙusa ya faɗi komai. Ba ta ɗago ba.

"Kullum Hindatu takan tambaya ko an zo daga Dutse," ta ce. "Ga shi an zo."

Don Allah, duk wanda ya san ya ɗora wa wani laifin da bai tabbatar ba, ya tashi yau ya je ya wanke shi, tun yana da kunnen ji.