Saurayin da Malama Ta Hana Zama

Takwara tana goge hotunan da ke jikin bangon falo Kawu ya shigo yana dogara sanda, Umma na biye da shi idonta jawur. Watanni ke nan da rasuwar Malama, kakar Takwara, wadda ta haura shekara ɗari a duniya, ta kuma ƙarar da fiye da rabinsu a gaban allo tana koyar da 'ya'yan mutane. Sunanta aka sa wa yarinyar, shi ya sa kaf gidan ba mai iya kiranta sai da Takwara.

"Ajiye tsumman nan," in ji Kawu. Shi ne babban ɗan Malama, kuma tun rasuwar mahaifin Takwara maganar aurenta a hannunsa take. "An ce jiya kafintan nan ya sake zuwa ƙofar gida."

"Gaisuwa kawai ya zo yi, Kawu."

"To ki faɗa masa mun amsa, ta isa haka. Mutumin da uwata ta tsana har ta koma ga Allah, ba zan ɗauki jininta in ba shi ba."

Umma ta buɗe baki za ta yi magana, ya ɗaga mata hannu. Shi ke nan ta haɗiye, don a gidan nan in aka ce "Malama ta ce", ko "Malama ta yi", an rufe babi.

Abin haushin, Kawu ba ƙarya ya yi ba, kowa ya gani da idonsa. A shekarunta na ƙarshe tunanin Malama ya koma baya, falonta ya zama aji a wurinta, duk wanda ya shigo ɗalibi ne. Kowa sai ta yi masa murmushi ta nuna masa wurin zama, ban da Kafinta. Ranar da ya fara zuwa gaishe ta a matsayin mai neman auren Takwara, ta ce ya miƙo hannu, ta duba farcensa ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Tsaya nan." A tsaye ya yini kusa da ita kamar mai gadi. Tun daga ranar ko gefen tabarma bai taɓa samu ba. In jikoki suka cika falon da surutu, shi take zuba wa rula a hannu. In baƙi suka tashi tafiya, ta daka masa tsawa ya share wurin, ya fita ya ja ƙofa. Har ta rasu bai ga haƙorinta ba.

Takwara ta same shi da yamma a shagonsa yana goge wani ƙyaure, garin katako har cikin gashin girarsa.

"Kawu ya ce kada ka sake zuwa," ta ce, hawaye na gangaro mata. "Wallahi tenshan ya yi min yawa. Jiya har cewa aka yi in yi bulokin ɗinka a waya. Ko mu je wurin alƙali ne kawai?"

Ya ajiye abin gugar ya kakkaɓe hannu. "Ki kai kawunki gaban alƙali a kaina? In na aure ki a haka, gidan wa za ki kai 'ya'yanmu gaisuwa?"

"To me ka yi mata ne? Ka tuna mana!"

"Na tuna har na gaji. Ni dai ban taɓa jin zafin rular nan a raina ba. Zan jira."

"Har yaushe?"

Shi ma bai sani ba. Mahaifiyarsa ta riga ta fara yi masa zancen wata 'yar ƙawarta, kuma Takwara ta ji labari.

Haka aka yi ta tafiya, yarinya tana ramewa, Umma tana kuka a kicin, Kawu ya ƙi ko da sauraron masu ba da baki. Ana nan wata safiya mota ta sauke wata tsohuwa mai farin gilashi, ta doshi tamanin, an riƙo ta ta shigo. Ɗalibar Malama ce tun ajinta na farko, rashin lafiya ya hana ta zuwa gaisuwa a kan lokaci. Duk da jikokinta da furfurarta, tsofaffin 'yan ajinsu har gobe Monita suke ce mata.

Ta yi addu'a, ta yi kuka, sannan hira ta ɓarke. Ta ba su labarin yadda Malama take bi gida gida tana roƙon iyaye su bar 'ya'ya mata su gama makaranta, da yadda take ɗinke wa marayu yunifom da hannunta a lokacin hutun tara, da ranar da rufin aji ya yaye ta ci gaba da darasi a cikin yayyafi. Kawu yana ta gyaɗa kai, don rabin labaran nan bai taɓa jin su ba. Malama tana da doka: ba ta koyar da ɗan da ta haifa. Duk 'ya'yanta a ajin wasu suka yi karatu, a gida kuwa ba ta kawo zancen makaranta.

Takwara ta kawo ruwa, tsohuwar ta riƙo hannunta. "Wannan ramar fa? Ciwo ko miji?"

Umma ce ta yi ƙarfin hali ta faɗi komai, tun daga duba farce har zuwa rula da shara. Kawu ya ƙara da cewa, "Kin ji dai. Kowa tana yi masa fara'a, shi kaɗai ta ware."

Monita ta cire gilashi ta dube shi. Sai ta miƙa masa bayan hannunta, inda wani ɗan tsohon tabo yake.

"Ka ga wannan? Surutun wasu ne aka rubuta min a nan. Ni ma tun da ta duba farcena ban sake zama a ajinta ba. A tsaye nake kusa da teburinta, in aji ya yi hayaniya ni ake duka, in an tashi ni ke shara in rufe ƙofa. Haka take naɗa monita. Ba ta taɓa tsayar da yaro kusa da ita ba sai wanda za ta iya bar wa ajin gaba ɗaya ta fita hankalinta kwance."

Kawu ya ƙura wa tabon ido.

"To murmushin fa?" Kawu ya tambaya a hankali. "Ni kullum na shigo sai ta yi min."

"Ɗan'uwana, kada ka sa in yi ƙarya da tsufana. Murmushi na 'yan bencin baya ne, waɗanda take lallaɓawa su dai gama lafiya."

Da a wani lokaci ne, da an yi dariya. Kawu ya sunkuyar da kai. Can ya ce da Umma, "A aika a kira min yaron nan. A ce ya zo da manyansa."

Umma ta rungume 'yarta tana hamdala, amma kukan da Takwara ta fashe da shi ba na murna ba ne.

"Umma, fushi nake da ita har ta rasu," ta ce. "Na daina yi mata hira in ina matsa mata ƙafa. Ranar ƙarshe ta ce, 'Takwara, yau ba labari?' Na ce mata babu. Ashe miji take zaɓa min."

Monita ta jawo kan Takwara ta ɗora a cinyarta.

An yi auren bayan ɗan lokaci, Kawu da kansa ya ba da ita, ya kuma nemi gafarar Kafinta a gaban mutane. Haƙurin yaron ya biya shi, don da ya biye wa zuciya aka je kotu, da ya sami mata ya rasa dangi. Amma ku masu sauran kakanni a gida, in tsoho ya yi muku abin da ya ɓata muku rai, ku durƙusa ku tambaye shi tun yana da bakin amsawa. Takwara ta sami mijin da take so, tana zaune lafiya da shi, sai dai har yau in an yi zancen Malama tashi take ta shige ɗaki.