Sunan da Najiba Ta Kira a Dandali

Ku 'ya'yan yanzu ba ku da tsoro. Abin da iyayenku ba sa faɗa sai da raɗa, shi kuke ɗauka ku kai gaban jama'a don a tafa muku. To ku ji abin da ya sami Najiba.

Bayan rasuwar mijinta Safiya ta zo Dubai ta zauna da 'yarta Najiba, wadda ke aikin ofis a wani kamfanin kargo. Suna can saman wani bene a unguwar Al Sabkha. Najiba na fita da safe, Safiya ta wuni ita kaɗai, ba maƙwabciya, ba mai sallama. Da yamma ma ba ta samun 'yar, don ta shiga ƙungiyar wasu matasa masu yin gajerun wasannin kwaikwayo a wani sito a bayan unguwar Naif. Su ne kaɗai mutanen Najiba a garin.

Sau ɗaya Safiya ta je kallo. Wani saurayi ya ɗaura zane ya fito a mace yana kukan masoyin da ya guje shi. Ta kau da kai, amma muryarsa ta taɓa ta. Aka yi na ban dariya, ta murmusa cikin mayafi. Sai Najiba ta fito a tsohuwa mai iska, a duƙe, tana jan ƙafa, tana tari irin na kakarta marigayiya Inna Ramlat. Mutane suna dariya suna ƙanƙame juna. Yarinyar ta iya, wannan ba ƙarya. Can ta ɗaga kai ta kira wani suna, sunan iskar da ta yi shekaru tana hawan Inna Ramlat a Kano, wanda ba a furtawa a gidansu. Ni ma ba zan furta muku shi ba.

"Ke, wa ya aike ki?" in ji Safiya a hanyar gida.

"Haba Umma, wasa ne fa. Mai rubutun ya rasa suna, na ba shi namu. Khalas, shi ke nan. Ba ki ji tafin ba?"

Bayan 'yan kwanaki, rana ta faɗi, Safiya na alwala, sai ta ji ƙwas a jikin taga. Ta buɗe, ta ga tsakuwa a bakin tagar, ja, mai danshin ƙasa, irin wadda babu ita a garin nan na rairayi. A sama babu kowa. A ƙasa 'yan dako ne kawai ke tura kaya. Washegari tsakuwar a cikin tukunyar miya ta same ta. Daga nan kullum magariba sai a ji tari a ɗakin da babu kowa.

Wata Alhamis Najiba ta dawo ba ta yi sallama ba. Ta wuce kusurwa ta tsuguna, ta juya wa ɗakin baya.

"Najiba, tashi ki yi salla."

"Safiya," in ji wata murya daga bakin 'yar, "kin yi furfura."

Safiya ta tsaya da buta a hannu. Ta tuna duk garin nan ba ta da ƙofar da za ta buga. Da ƙyar wata 'yar kasuwa da suka taɓa haɗuwa a masallaci ta haɗa ta da Malam Ɗalhatu, wani masani ɗan Kano da ke karantarwa a unguwar Deira.

Ya zo da faɗuwar rana. Ya zauna nesa da yarinyar ya fara karatu, bai ɗaga murya ba. Ɗakin ya yi nauyi. Najiba ta toshe kunne, ta yi ta birgima.

"Me ya kawo ki?" in ji Malam.

"Kirana aka yi," in ji muryar. "Tun da tsohuwa ta mutu ba wanda ya ambace ni. Na ji sunana daga bayan teku, na taho da murna. Na iske ana yi mini dariya."

"Yarinya ce, ba ta sani ba."

"Ta sani. A gabanta nake hawan tsohuwar."

"Fita za ki yi."

"A yanka mini akuya."

"Ba a yanka wa kowa sai Allah."

"To ta riƙa kirana a wurin wasan nan. Ko dariyar ce, na yarda. Ta fi shiru."

Safiya ta ji hawaye ya zubo mata, ba ta san wa take yi wa kukan ba.

"A'a," in ji Malam, ya ci gaba da karatu.

Muryar ta yi ƙasa. "Zan tafi. Amma inda ta tozarta ni, ta bar mini shi. Duk ranar da ta sake tsayawa aka tafa mata, zan ji."

Najiba ta yi atishawa mai ƙarfi, ta faɗi. Da ta buɗe ido ta ce, "Umma, ruwa."

Malam ya ce maganar iska ba doka ba ce, ta riƙe azkar kawai. Amma da Najiba ta koma siton, ta hau dandali, aka fara tafi, sai harshenta ya ƙage. Ta sake gwadawa, haka. Aka ba wata matsayinta. Abokan suka kira ta na ɗan lokaci, sannan suka daina.

Yanzu tana dawowa gida kafin magariba, yadda Safiya ta daɗe tana roƙo. Ta ci abinci, ta ja kujera bakin taga. Daren da ake wasa a Naif takan sa kayan fita, har da takalmi, ta zauna a nan har a yi isha'i, sannan ta tuɓe ta ninke.