Ranar Da Aka Ƙirga Shanun Baffa

Lauratu na tsakar gida tana dama fura sai ta jiyo muryar 'yarta Hadiyya daga garken Baffa, mahaifin Lauratu.

"Takwas, tara, goma — dami ɗaya!"

Ludayi ya suɓuce mata. Ta iske yarinyar tana nuna shanu da yatsa, kowace saniya ta ware mata guntun kara, in sun kai goma ta ɗaure.

"Innalillahi! Ke, tun kaka da kakanni ba a ƙirga shanu da baki a gidan nan!"

"Homwok ne, Inna, aikin makaranta. Anti Zaituna ta ce an daina hadda, kowa ya ƙirga abin da ke gidansu. Dami uku ne da kara huɗu."

Zaituna ita ce malamar lissafi a firamaren ƙauyen, 'yar Dutse, kuma ita Muhyiddeen ƙanen Lauratu zai aura bayan Sallah.

Ba a jima ba Tasi'u, makiyayin da aka ɗauka tun da idon Baffa ya raunana, ya kawo labari: karsanar Lauratu ta mutu a daji. Karsanar nan gadon mahaifiyarta ce. Lauratu ba ta yi kuka ba, ƙwafa ta yi.

"Malamar nan ta cinye mini gadon uwata da bakinta. Wallahi in dai ina numfashi, ba za ta shigo gidan nan da lalle ba!"

Ta cire Hadiyya daga makaranta. Ta kulle akwatunan lefe a ɗakinta, ta rataya makullin a wuya. Ta shiga gida-gida tana cewa malamar nan baki gare ta, har iyaye suka fara janye 'ya'yansu.

"Haba Adda, wannan ai camfi ne!" in ji Muhyiddeen.

"Camfi? Ni na goya ka! Ka zaɓa, ni ko mai tsince-tsincen kara."

Zaituna ta zo har gida ta durƙusa. "Adda, ki gafarce ni, ban san al'adar ba." Lauratu ta watsa ruwan wanke-wanke a gabanta. Zaituna ta share hawaye, ta dubi Muhyiddeen. "Kada ka saɓa mata saboda ni. Zan jira."

Wannan haƙurin ma ƙona Lauratu ya yi. Ta ƙara ƙaimi, har leƙa garke ta daina.

Wata la'asar Hadiyya ta tsuguna gaban Baffa, uwarta na ji.

"Baffa, ban ƙirga da baki ba, wallahi. Kowace ta shigo, sai in ajiye karanta. Yau huɗu suka rage a hannuna. An ce ɗaya ta mutu. Huɗu a cire ɗaya, to ina ukun?"

Tsohon ya ce, "A kira Tasi'u. Ya nuna mana inda karsanar ta faɗi."

Aka je wurin, babu fata, babu ƙashi. Da aka matsa masa, ya amsa cewa kasuwa ya kai su, har karsanar, don ya san malama za a zarga.

Lauratu ta zabura. "Sai na ga bayansa!"

"Zauna!" Baffa ya daka mata tsawa. "Ganin bayan mutane ne ya cinye mana shanu. Ciro makullin nan. Ke za ki ɗauki akwatin lefen a ka ki kai wa Zaituna, kuma duk ƙofar da kika kai ƙarya, ki tsaya ki janye ta."

Haka ta yi, mata na leƙe ta saman danga. Zaituna ta taro ta a zaure, ta kama mata kayan.

"Sannu da zuwa, Adda. Gobe Hadiyya ta zo da karanta, mun shiga lissafin rabawa."

Lauratu ta kasa ɗaga ido.

Bayan Sallah aka ɗaura aure. Ku yara ku ji da kyau: mai haƙuri jira kawai ya yi, bai yi asara ba. Wanda kuwa ya zuba wa ramuwa ido, a bayansa ake kwance masa saniya.