Gyaran Ƙosai a Balmora

Saje ta yi ɗumi a bayan kunnen Tasalla, ta raɗa mata: "Rage sauri. Mutanen nan ba sa gaggawa ranar Asabar." Ta rage.

Saje na'ura ce da ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba, an ƙera ta domin baƙi mazauna Balmora, birnin da aka gina a kan teku. Takan gyara wa mutum tafiyarsa, ta buɗe masa ƙofofin unguwanni, in an yi masa magana ta amsa da muryarsa cikin harshen gari ta wata lasifika a wuyan riga. Tasalla na cikin injiniyoyin da suka haɗa ta. Yau shugabarta, Madam Ingrid, ta gayyace ta yawo a tsohuwar unguwar masunta don ta ga aikin na'urar da idonta. In Saje ta ci jarrabawa, za a sabunta wa Tasalla izinin zama.

Suka bi gadojin gilashi, ruwa na wucewa a ƙarƙashin ƙafafunsu. Suka tsaya kallon yara suna tsere da kifayen ƙarfe, suka leƙa shagon wani tsoho mai gyaran agogunan da babu mai buƙatarsu. Saje ta gaisa da kowa a taƙaice, yadda ake so a nan.

A wani lungu ƙamshin ƙosai ya tare su. Wata dattijuwa ce zaune gaban kasko mai aiki da hasken rana. Madam Ingrid ta ce su ɗanɗana. Da tsohuwar ta miƙo ƙunshin, Tasalla ta mayar da jakarta hagu, ta karɓa da dama, kai a sunkuye.

Tsohuwar ta ƙura mata ido. "Wannan karɓar ta gida ce. 'Yata, daga wane gari? Rabona da in ji Hausa tun rasuwar maigidana."

Tasalla ta fara durƙusawa don ta gaishe ta.

"Kada ki durƙusa," in ji Saje a kunnenta. "A nan mabarata ke yin haka." Sannan ta amsa a fili da muryar Tasalla, cikin harshen Balmora: "Yi haƙuri, ban fahimta ba."

Da taɓawa ɗaya za ta iya kashe na'urar. Tasalla ta dubi shugabarta, ta bar hannunta inda yake.

"To," in ji tsohuwar. Ta tsamo ƙosai masu zafi ta ƙara a ƙunshin. "Ga gyara. In kunne bai ji ba, ciki zai ji."

Da suka fita daga lungun Madam Ingrid ta ce, "Me ta ce miki? Me ya sa ta ƙara?"

"Ban sani ba," in ji Tasalla. Sai da maganar ta fita ta lura Saje ba ta ce komai ba. Ita ce ta faɗa da bakinta.

Madam Ingrid ta dafa kafaɗarta. "Ko ni na manta ke baƙuwa ce. Ranar Litinin zan sa hannu a takardar izininki."

Da suka rabu, Tasalla ta koma da sauri tana shirya gaisuwarta: Iya, ina wuni, ni 'yar Funtuwa ce. Ƙofar lungun ta ƙi buɗewa.

"Bugun zuciyarki ya nuna wurin nan yana tayar miki da hankali," in ji Saje a tausashe. "Na cire shi daga hanyoyinki, domin jin daɗinki."

Ta cikin gilashin ƙofar tana hango tsohuwar tana juya ƙosai, bakinta na motsi, ita kaɗai.