Lens Ɗin Da Ya Ƙi Juyawa

Ranar da Mai Hoto ya fara taka shagon gyaran kyamara, ba neman aure ya kai shi ba. Sabon lens ya saya, wato dogon hancin nan da ake ɗaura wa kyamara a gaba, yana tsoron kada bango ko ƙarfen babur su kankare masa shi. Aka ce ya je a naɗe masa da leda.

Mai shagon dattijo ne, shekara talatin yana kwance kyamara yana mayarwa. In lambobin jikin lens suka goge, da siririn buroshi da farin fenti yake sake rubuta su, ba ya sakin numfashi sai ya ƙare lamba. Leda kuwa bai taɓa ƙaunarta ba. Yakan ce fenti gyara ne, leda rufa-rufa ce. To amma zamani riga ne, samari leda suke so. Sai ya bar wa autarsa ɗan tebur a bakin ƙofa, da reza, da almakashi, da na'urar busar da gashi da take ɗumama ledar da ita don ta kwanta.

Ran nan dattijon ya fita sayen kayan gyara, Auta kaɗai ce a shago. Ta tambayi Mai Hoto wace kala yake so. Baƙa ya zo nema, amma da ya ɗaga kai ya ga koren mayafinta, sai bakinsa ya ce kore.

Aikin nan yana da ƙa'ida. A jikin lens akwai zobe da ake murzawa don a jawo na nesa ya zo kusa. Ledar zoben daban ake yanka ta, ta jiki daban, a bar siririn tsakani. Auta ta san haka kamar yunwar cikinta. Amma ga mutum tsaye yana kallon hannunta, sai ƙa'idar ta fice mata daga kai. Ta shimfiɗa leda guda tun daga sama har ƙasa, ta bi ta da zafi, ta kwanta lumui. Garin neman gira aka rasa ido.

Sai da Mai Hoto ya isa gida ya murza zoben, ya ji shi ƙam. Reza ɗaya za ta raba gardama. Ya ɗauko rezar, ya dubi koren nan da babu ko kumfar iska a cikinsa, ya mayar da ita aljihun tebur. Sai ga saƙo a waya, don ta karɓi lambarsa wai saboda aiki:

"Ina fatan ledar ta yi. Kai ne na farko da na naɗe wa babban lens. In da matsala ka faɗa mini."

Ya rubuta ya goge har sau huɗu, sannan ya aika:

"Babu matsala ko ɗaya. Ban taɓa ganin aiki mai kyau irin wannan ba."

So hana ganin laifi, in ji masu magana. Wannan ya ga laifin sarai, faɗa ce ta gagare shi.

Tunda zobe ya ƙi juyawa, sai ya mayar da ƙafarsa zobe. In yana son fuskar mutum ta cika hoto, sai ya taka har gabansa. In yana son taro duka, sai ya yi ta ja da baya kamar rago zai yi karo. Ya ture kujeru, ya taka ƙafar manya, wata rana ya zauna cikin bokitin wanke hannu. Duk da haka kullum yana shago, yau igiyar kyamara, gobe murfi, jibi ba dalili. Ta sa masa suna Mai Hotona, shi kuma yana ce mata Koriyata. Duk zuwan da zai yi sai ta shafa ledar ta ce, "Ka ga ko ɓantarewa ba ta yi ba." Shi kuma ya ce ai hannu ya san na gida.

Wata bakwai ana haka, ya tura kawunsa wajen dattijo neman auren Auta.

Ashe akwai wani mai ɗaukar bidiyo, ana ce masa Ɗan Gayu, wanda shi ma ya daɗe yana zagayen teburin bakin ƙofa. Sun taɓa aiki wuri guda da Mai Hoto, ya ɗauki kyamararsa ya murza zoben ya ji bai motsa ba. Ya zo ya zauna gaban dattijo, ya ce shi ba mai kai ƙara ba ne, amma yaron nan mataccen lens ya lulluɓe da leda yana yaudarar masu ba shi aiki. Wanda ya ɓoye aibin kayansa, me zai hana ya ɓoye nasa?

Maganar ta faɗa daidai inda dattijo yake ƙaiƙayi. Ya ce wa kawun a dakata. Ya aika a gaya wa yaron ya kawo lens ɗin ya duba da idonsa.

Mai Hoto ya ce yana da aiki. Aka sake aikawa, ya ce ya ba da aro. Auta ta rasa gane kansa. Ta rubuta masa:

"Mai Hotona, Baba lens kawai ya ce ka kawo, ba ranka ba. Me kake ɓoyewa?"

"Koriyata, wallahi ba abin da kike zato ba ne."

"To mene ne?"

"Ba zan iya faɗa ba."

Ta yi ta juya wayar a hannu. In lens ɗin lafiya yake, me ya hana shi kawowa? In matacce ne, yaya hotunansa suke fita tas? In kuma hotunan na fita, me yake kai shi cikin bokiti? Ta tambayi yayarta, yayar ta ce ƙila idonsa ne ba ya gani sosai. Innarsu ta ce ƙila dai iska ce, a nema masa addu'a. Auta ta daina amsa saƙonsa. Ɗan Gayu kuwa ya fara zuwa da sabon turare.

Dattijo ya yanke magana: ranar Alhamis, ko lens ya zo, ko mai lens ya daina zuwa.

Alhamis da hantsi Mai Hoto ya shigo, fuska duk ta faɗa. Ɗan Gayu na zaune, wai wucewa yake ya tsaya gaisuwa. Dattijo ya sa tabarau, ya murza zoben, ƙam. Ya juya lens ɗin a hasken taga, ya bi jikinsa da farce yana neman tsakanin da ya kamata a bari, bai samu ba. Ya miƙa hannu teburin Auta ya ɗauki reza, ya zagaya da ita sau ɗaya. Ya murza. Zobe ya juya sumul, kamar yau aka fito da shi daga kwali.

Auta ta dafe baki, don ta gane aikin hannunta.

"Tun yaushe?" in ji dattijo.

"Tun ranar farko, Baba."

"Ba ka da reza a gidanku?"

"Akwai."

"To?"

Ya sunkuyar da kai. "Ta ce ni ne na farko. Kuma kullum sai ta duba."

Ɗan Gayu ya tuna ana jiransa a wani wuri. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Kwana uku dattijo bai yanke hukunci ba. Da Inna ta matsa masa, ya ce shi fa kansa ya ɗaure. Ya yi shirin kama maƙaryaci, kuma ƙaryar an yi ta, amma ba irin wadda ya ɗana wa tarko ba. Ya rasa ko yaron nan mai haƙuri ne ko wawa, shi kuma ba ya ba wawa 'ya.

Inna ta ajiye abin da take yi. Ta tambaye shi ko ya tuna agogon bangon da ya gyara wa mahaifinta lokacin da yake nemanta. Ya ce ya tuna mana, aikin da tsoho ya yi ta yabo.

"Kullum sai ya yi latti da minti ashirin," in ji ta. "Kowace safiya Baba yake hawa kujera ya gyara shi da yatsa, har ya bar duniya. Ya ce kada wanda ya gaya maka."

Dattijo ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

Washegari ya kira su biyun. Ya fara da Auta, ya ce mai sana'a ba ya sallamar aiki sai ya gwada shi, ko da sarkin kyau ne tsaye a kansa. Sannan ya juya ga Mai Hoto.

"Rufin asiri alheri ne, na gani, na kuma gode. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A waje ka rufa mata, a ɗaka ka gaya mata. In ba za ka iya ba, ka faɗa tun yanzu."

Ya ce zai iya. Muryarsa dai ba ta fito da ƙarfi ba, amma ta fito. Dattijo ya ce a gaya wa kawu ya dawo.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure, dangi suka cika gida, aka yi addu'a aka watse lafiya. Ranar da Mai Hoto ya koma aiki, yana tsakiyar ɗaukar hoto, saƙo ya shigo:

"Mai Hotona, da safe ka ce sukari ya yi wa shayi yawa. Na ji haushinka har azahar. Yanzu ya wuce. Ka dawo da wuri."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya sa su riƙa gaya wa juna gaskiya tun tana ƙarama.