Bayan Teburin Umma

Auta na durƙushe a ɗakin marigayiya Umma tana kwashe tarkacen da ke cikin durowar teburin kwalliya, Yaya kuma na tsaye bakin ƙofa riƙe da ƙugu.

"Wai da gaske wannan kwararraɓaɓɓen abin Baba zai ba saurayin naki ya gyara? Tab! Yau za mu ga ƙarshen cika baki!"

Auta ta ci gaba da kwashe kayan. Shekara biyu ke nan Kafinta na neman aurenta, Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Shi dai ya kafe a kan cewa masu aikin hannu bakinsu ya fi hannunsu sauri. Jiya ya yanke hukunci: teburin nan da Umma ta yi shekara talatin tana zama a gabansa, fentinsa ya ɓaɓɓare, ƙafa ɗaya na rawa, a kai wa yaron, an ba shi sati ɗaya. Kowa a gidan ya san ba tebur ake gwadawa ba.

Washegarin da aka kai, Kafinta ya bugo wa Baba waya cikin ladabi, ya ce aikin sai ya ci sati uku.

"Kun ji ko? An fara!" in ji Baba, ya kashe wayar. Yaya kuwa ranar don murna har da ƙarin abinci.

Rana ta shida Auta ta kasa haƙuri, ta wuce shagon Kafinta. Madubin na jingine a gefe an lulluɓe shi da bargo, durowoyin na shanya a rana, teburin kansa an kankare shi tas da samfefa, ko ɗigon fenti babu.

"Haba! Gobe fa ne!" in ji ta. "Filis, ka shafa fentin nan kawai, ka maida madubin. Baba ba zai taɓa ganewa ba!"

"Gara ta cinye katakon baya, Auta. Na sa sabo, na shafa magani, sai ya sha ya bushe. In na rufe shi da fenti yanzu..."

"To ni ce zan rasa, ko tebur?"

Ya daɗe yana juya burushin da ke hannunsa. Tausayinta ya kama shi ƙwarai, don shi ma kwana biyar ke nan abinci ba ya shigarsa.

"Ki yi haƙuri. Ba zan shiga gidanku da ƙarya ba."

Da kuka ta koma gida, tana jin haushinsa, tana kuma jin kunyar abin da ta roƙe shi.

Da safe Baba ya ɗauko mota, ya sa Auta gaba, wai a kwaso masa kayan matarsa. Ya shiga shagon fuska a murtuke, ya zagaya teburin, sai ya tsaya a bayansa. Sabon katako ne sumul, an haɗa shi tsaf, ko kan ƙusa ba a gani.

"Kai, wannan gefen bango yake kallo. Wa zai gan shi da ka ɓata kwana shida a kansa?"

"Baba, shi ke ɗauke da madubin," in ji Kafinta, ya miƙo tsohon katakon da ya cire.

Baba ya danna da babban yatsa. Yatsan ya nutse, gari ya zubo masa a kan takalmi. Auta ta ɗago kai, ta ga idonsa ya kawo ruwa.

"Shekara uku ina goge gaban teburin nan kullum," ya ce a hankali, "ban taɓa jawo shi daga bango ba."

Ya kakkaɓe hannu, ya nufi ƙofa, sannan ya waiwayo.

"Ka ci sati ukunka. Ranar da za ka kawo shi, kada ka zo kai kaɗai, ka taho da manyanka. Teburin ma ba zai daɗe a gidana ba, ɗakin Auta za shi."

Auta ta rufe fuska da mayafi, kukan jiya ya koma na daɗi. A ranar ta fahimci cewa mutumin da ya ƙi ha'inci a inda ido ba ya kai, ko da zai rasa abin da yake so, shi ne ake ba amanar rayuwa.